Shin Ko Kun San? Abin da Ke Ɓoye a Ruwan da Muke Ninƙaya

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, ko hutun Sallah da na Ista ya zo, yara daga Barnawa har Sabon Tasha ba su da magana sai ta ruwa. Masu hali a kai su kwamin ninƙaya na otal. Sauran su faki ido su gangara kogi, ko su faɗa kududdufin bayan unguwa. Tsundum! Daɗi ba a magana. To amma ido ba ya auna tsabtar ruwa, hanci ma yana ruɗin mutum. Ku gyara zama, yau za ku sha mamaki.

MU FARA DA KOGI

Shin ko kun san Kogin Kaduna ya kai tsawon kilomita 550? Daga tsaunukan Jos yake tasowa, kusa da Vom, ya ratsa garinmu Kaduna ya raba shi biyu, ya wuce Shiroro da Zungeru, sannan ya faɗa Kogin Neja daura da Patigi. Ku yi tunani! Ruwan da yaro ke wasa da shi a gaɓar Kudenda ya riga ya wuce ƙauyuka barkatai, da garken shanu, da gonaki, da masu wanki. Kowa ya ba shi tsaraba.

Kun san ina magudanan Kakuri da Makera suke ƙarewa? A kogin nan dai. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, yankin ya zama matattarar masana'antu. Yau masaƙu da dama sun yi shiru, amma kwatoci ba su yi shiru ba. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, baƙin man gareji, abin da ya tsiyayo daga bola, duk hanyarsu ɗaya.

Ga wani abin da mutane ke yi wa bahagon fahimta. Ana ganin ruwan sama yana wanke kogi. Ina! Gari yake wankewa ya juye a kogi. Shi ya sa kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi ƙwayoyin cuta suka fi yawa a cikinsa, musamman bayan ruwan farkon damina, wanda ke kwashe dattin wata biyar ko shida a tashi ɗaya.

Kada ku ce mu kaɗai ne. Faransa ta kashe Yuro biliyan 1.4 don tsabtace kogin da ya ratsa birnin Paris saboda wasannin Olamfik na 2024. Biliyan 1.4 fa! Duk da haka, ruwan sama na sauka sai awo ya nuna ƙwayoyin bayan gida sun haura ƙa'ida. A ranar 30 ga Yuli dole aka ɗage gasar maza ta ninƙaya da keke da gudu zuwa washegari. Tun 1923 aka haramta wanka a kogin nan, sai a 2025 aka sake buɗe wa jama'a wasu sassansa. Shekara 102!

Shin ko kun san fitsarin ɓera na iya kwantar da ƙato? Akwai ƙwayar cutar da ke zaune a ƙodar ɓeraye da karnuka da shanu, tana fita ta fitsarinsu. Ruwan ambaliya ya kwaso ta, ta shiga jikin mutum ta wani ɗan yanka a ƙafa, ko ta ido, ko ta baki. Sai zazzaɓi, ciwon kai, ciwon sha-raɓa, wani lokaci ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Da yawa sai su ɗauka maleriya ce. An ƙiyasta mutum kusan miliyan 1 ke kamuwa a duniya duk shekara, kusan 59,000 su rasu. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 a Kaduna sun san yadda ruwa ke shiga har ɗaki. Idan ya sake shigowa, a hana yara yin iyo a cikinsa.

Amai da gudawa fa? A 2021 kaɗai Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Najeriya ta lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu a Arewa. Ba lallai sai an ɗebo a kofi an sha ba. Mai iyo ma yana kurɓa bai sani ba.

TSARGIYA: TSUTSAR DA BA TA NEMAN BAKI

Wannan kam ku riƙe baki. Tsutsar tsargiya ba ta jiran ka sha ruwa. Ta fata take shiga! Tsawonta a ruwa bai wuce rabin milimita ba, tana da wutsiya mai reshe biyu. Ta manne a fata, ta yar da wutsiyar, ta huda ta shige cikin 'yan mintuna. Babu jini, babu zafi, sai ɗan ƙaiƙayi idan ma an ji.

Waye mai masaukinta? Wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa, wanda bai fi santimita 1 zuwa 2 ba. Yana son ruwa mai kwanciya da ciyayi: kududdufi, bakin dam, lungun rafi, ramin da aka haƙi ƙasar bulo. Guda ɗaya tak na iya sakin ɗaruruwan 'ya'yan tsutsa a rana, har tsawon makonni. Idan tafki ya ƙafe da rani kuwa, sai ya nutse cikin laka ya yi lamo na watanni. Ruwan farko na sauka, ya farfaɗo.

Kun san lokacin da tsutsotsin suka fi fitowa? Da rana tsaka, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana. Daidai lokacin da zafi ke koro yara cikin ruwa! Sai ka ce an yi musu alƙawari.

Ga auren da ba a taɓa ganin irinsa ba. A cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, namijin tsutsar yana da wani kwari a jikinsa, macen tana kwance a ciki, haka suke zama manne da juna. Shekara 3 zuwa 10 suna tare, an ma samu waɗanda suka haura 30. Kullum tana zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ƙaya a ƙarshensa, kuma shi ne ke yaga bangon mafitsara. Jinin da ake gani a ƙarshen fitsari ke nan.

Shin ko kun san cutar ta girmi daular Rum? A 1910 wani likita mai suna Ruffer ya samu ƙwayayen tsutsar a ƙodar gawarwakin Masar da aka adana sama da shekara 3,000. Ita kanta tsutsar, wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano ta a Alƙahira a 1851, yana ɗan shekara 26.

Wace ƙasa ce ta fi kowace yawan masu ita a duniya? Najeriya! Wani ƙiyasi da aka fitar a 2009 ya kai su miliyan 29. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum sama da miliyan 251 ne ke buƙatar maganin rigakafinta, kuma kusan kashi 90 cikin 100 a Afirka suke.

A shekarun 1970 masu bincike sun yi dogon aiki a yankin Malumfashi ta Jihar Katsina ta yanzu. Me suka gano? Yara maza da samari ne ke zuba akasarin ƙwayayen a ruwa, domin su ne ke wuni cikinsa, su ne kuma ke fitsari a ciki. Har yau a wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, ko a ɗora wa zafin rana. Iyaye, ba balaga ba ce, ciwo ne. Idan aka bar shi yana rage jini, ya dushe ƙwaƙwalwar karatu, ya lalata ƙoda, har ya kai ga sankarar mafitsara. Mata ma ba su tsira ba: an ƙiyasta miliyan 56 na fama da ita a al'aura da mahaifa, sau da yawa ana ta yi musu maganin sanyi a banza.

Ku ji abin da ya faru a Senegal. A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama. Cikin 'yan shekaru tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll. Ashe madatsar ta tare hanyar wasu manyan jatan lande da ke hauro kogi suna cinye dodon koɗi. Babu mai ci, sai ya yi ta hayayyafa! Turai ma ta ɗanɗana: a 2013 masu yawon buɗe ido suka kwaso ta a wani kogi a tsibirin Kosika na Faransa.

Albishirinku! Maganin yana nan, sunansa farazikwantel, kuma sau ɗaya ake sha. A makarantu ba a ma neman sikeli. Sanda ake jinginawa a auna tsayin yaro, daga santimita 94 zuwa sama, tsayinsa ya faɗi adadin ƙwayoyinsa. A tabbata ya ci abinci kafin ya haɗiya. Amma fa maganin ba sulke ba ne, wanda ya koma kududdufi zai sake kwasowa. Mai zuwa gwajin fitsari a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri ko wani asibitin kusa, ya ba da na tsakar rana, lokacin ƙwai ya fi fita.

Ga dabara kyauta. 'Ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana 2 a raye idan ba su samu mutum ba. Duk wanda dole ta sa ya yi wanka da ruwan rafi, ya ɗebo ya ajiye a duro kwana 2 cur, ko ya tafasa ya bari ya huce. Wannan na wanka ne kawai, ba na sha ba.

KWAMIN OTAL FA? AI SHI SHUƊI NE GARAU!

Shuɗin nan na fenti ne da tayil. Gaskiya ne tsargiya ba ta rayuwa a kwamin da ake kula da shi. Amma yana da nasa baƙin, kuma mu ne ke kai su.

Shin ko kun san kowane mutum na shiga ruwa da kimanin giram 0.14 na bayan gida a jikinsa? Kaɗan ne ko? To ku ninka da mutum 100 ranar yawon Sallah. Giram 14 ke nan. Ƙaramin yaro shi kaɗai na iya shiga da giram 10!

Fitsari kuma? A 2017 masana a Jami'ar Alberta ta Kanada suka yi wata dabara. Suka bi sawun wani sinadarin zaƙi da ake sa wa lemon kwalba, wanda ke fita a fitsari yadda ya shiga. A kwami mai lita 830,000 suka ƙiyasta fitsari lita 75. Jarka uku ke nan cif, irin ta 'yan ga-ruwa! Kwamaye da bahon ruwan zafi 31 suka auna, babu ko ɗaya da ya fita tsaf.

Kun taɓa jin cewa akwai sinadarin da ke canza launin ruwa idan mutum ya yi fitsari? Ƙarya ce! Babu shi. Tsoratar da yara kawai ake yi.

Wannan warin mai hawa kai da kuke ji a bakin kwami, kuna cewa an zuba magani da yawa? Ruwa ba ya tsami banza. Idan kulorin, wato maganin da ake zuba wa ruwan, ya haɗu da fitsari da gumi da man shafawa, sai ya rikiɗe ya zama wani sinadari daban. Shi ne mai warin, shi ne mai jan ido, shi ne mai sa tari da tayar da asma. Kwami mai lafiya kusan ba ya wari. Mai ƙarfin wari kuwa, maganinsa ya ƙare a yaƙi da datti.

Kulorin ba ya kisa nan take, kowace ƙwaya da lokacinta. Ikolai mai sa gudawa: ƙasa da minti 1. Ƙwayar ciwon hanta nau'in A: kimanin minti 16. Jiyadiya mai kumbura ciki: minti 45. Kirifto, wata mai sa gudawa, kuwa? Ku riƙe numfashi. Sama da kwana 10!

Ita Kirifto ɓawo gare ta mai tauri. Sai an jera guda 200 kafin su cika milimita 1. Mai gudawa ɗaya, a ɓari guda, na iya sakin miliyan 10 zuwa miliyan 100. Nawa ake buƙata don kwantar da mutum? Guda 10 ma sun isa. A 2007 ta kama mutum kusan 1,900 a jihar Utah ta Amurka, har hukuma ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 5 shiga kwamayen jama'a. Saboda haka mai gudawa ba shi ba ruwan jama'a. Idan gwaji ya nuna Kirifto ce, sai ya ƙara mako 2 bayan cikin ya tsaya.

Kuna cewa ai ku ba kwa sha? An auna! A ninƙayar minti 45, babba na haɗiye kimanin mililita 16, yaro kuwa mililita 37. Fiye da ninki biyu.

Otal mai tsada ma ba hujja ba ce. Daga 2000 zuwa 2014 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta lissafa ɓarkewar cuta sau 493 daga kwamaye da wuraren wasan ruwa. Mutum sama da 27,000 suka kwanta, 8 suka mutu. Kusan kashi ɗaya cikin uku a otal-otal abin ya faru. A binciken 2013 kuma, duk duba 8 da jami'ai suka yi, 1 ya ƙare da rufe wurin nan take. A can ke nan, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba.

Mu nan akwai ƙarin abokan gaba biyu. Na farko rana: haskenta na iya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na kulorin cikin awa 2 idan ba a haɗa shi da sinadarin kariya ba. Na biyu ɗaukewar wuta: famfo ya tsaya, matata ta tsaya, ruwa ya kwanta. Ƙurar hunturu kuma ta zo ta ƙara nata.

To yaya za ku gane? Abu huɗu, cikin minti biyu. Ku tsaya a gefen mai zurfi, kuna hango ƙasan tar? Ku shafa bango, idan da santsi ko yauƙi akwai matsala. Ku kasa kunne, injin na aiki? Sannan ku tambayi mai kula da wurin yaushe ya yi awo. Kulorin kada ya gaza miligiram 1 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin tambaya ba.

Kun san wankan minti 1 kafin shiga yana ɗauke akasarin dattin jiki? Minti 1 tak! Yawancinmu sai mun fito muke wanka. A yi duka biyun. A fito da yara duk bayan awa 1 su zaga. Kunzugun jariri kuma a canza shi a banɗaki, nesa da bakin ruwa.

Masu aikin kwami, wannan taku ce. Kada a taɓa haɗa kulorin da asid a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. A Amurka mutum kusan 4,500 ake garzayawa da su asibiti duk shekara saboda sinadaran kwami.

HANCI DA KUNNE

Shin ko kun san akwai wata halitta mai ƙwayar rai ɗaya da ke bi ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa? Amiba ce mai son ruwan ɗumi mara motsi, tana jure zafi har digiri 46. Abin mamaki, idan an sha ta ba ta komai. Sai ta hanci! A 1965 aka fara bayyana ta a Ostireliya, kuma a 1979 likitoci a Zariya suka ba da rahoton samunta a nan gida. Alamunta irin na sanƙarau ne. Kamuwa da ita abu ne mai wuyar gaske, amma cikin waɗanda suka kamu sama da kashi 97 cikin 100 ba sa tashi. Mai tsalle cikin tafki da zafi ya toshe hancinsa, kada kuma a tono lakar ƙasa. Mai alwala ya nemi ruwa mai tsabta don shaƙawa.

Kunne fa? Ruwan da ya kwana a ciki yana jiƙa fata, ƙwayoyin cuta su samu gida. Idan an ja leɓatun kunnen yaro ya yi ƙara, to alama ce. A Amurka ciwon nan na kai mutane asibiti sau miliyan 2.4 a shekara. A karkata kai ruwan ya fito, a goge da tawul. Ban da tsinken ashana, ban da gashin kaza!

Ga wadda ta fi kowace cuta sauri: nutsewa. Mai nutsewa ba ya ihu kamar a fim. Shiru yake yi, kuma cikin daƙiƙa 20 zuwa 60 ya ɓace. Mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021. Babba ɗaya ya ajiye waya ya zuba wa yara ido.

ANA IYA CIN NASARA KUWA?

Ƙwarai! Ku tambayi dattawa labarin kurkunu, tsutsar da ke kai tsawon mita 1 tana fitowa ta ƙafa. Mai ita ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, ita kuma ta zuba dubban 'ya'yanta, gari ya ɗebo ya sha. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Babu allura, babu ƙwaya. Tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tafki, su ne makaman. Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter suka bi ƙauye-ƙauye. An ga na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Daga 650,000 zuwa sifili!

Tun kafin a ƙera madubin likita, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Limamai da fastoci, malaman makaranta da masu unguwanni, ga abin faɗakarwa a hannunku.

Jama'ar Kakuri, Makera, Nasarawa, Narayi, Television, Unguwar Romi da Gonin Gora, kada wannan shafi ya tsaya a hannunku. Ku karanta wa yara, ku ba maƙwabci. Mai gudawa ya haƙura da ruwa, mai shiga ya yi wanka tukuna, kada a kurɓa, kada a yi fitsari a ciki, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti a wannan makon. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.